Kafin ka sayi kayan keke na kabon masu araha

Kan keke na kabon da na fara saya, daga wani shago a intanet na yi odarsa. Tambarin babban kamfani ne a jikinsa, kuɗinsa kuwa bai kai kwatan na ainihin ba. Wata uku da ɗaura shi, ina tsaye a kan feda ina hawan tudu, sai na ji ƙas a hannun dama. Allah ya sa a hankali nake tafiya. Da na warware tef ɗin da aka naɗe kan keken da shi, sai ga tsaga ta zagaye inda birki ke damƙe, bangon gefe ɗaya kuma siriri kamar ɓawon ƙwai.

Ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba ka labari kafin ya karye. Kabon kuwa zare ne aka jera aka manne da gam. In an yi ƙwauron zaren ko iska ta maƙale a ciki, fenti zai rufe aibin, ranar da zai tafi kuma lokaci guda yake tafiya.

Shi ya sa yanzu tambaya ɗaya nake yi: in wannan ya karye ina cikin gudu, me zai same ni? Mariƙin gorar ruwa, sayi abinka. Amma kan keke, da wuyan da ke riƙe shi, da fok (wanda ke riƙe tayar gaba), wallahi ba na sayen jabu, domin in ɗayansu ya tafi fuskarka ce za ta fara isa kwalta. Ka yi hattara da rim ɗin kabon mai birkin roba ma: a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo da ke hanyar Jos, zafin birki yana iya tausasa gam ɗin har taya ta fashe.

Za ka ji ana ɗora laifin a kan China, amma matsalar ba China ba ce. Manyan kamfanoni ma a China da Taiwan ake yi musu mafi yawan kayansu. Nemi kamfanin da ya sa sunansa na kansa, yana da adireshi da garanti, yana iya nuna maka gwajin ISO 4210, wato ƙa'idar duniya ta ingancin keke. Rubutun T700 ko T800 kada ya ruɗe ka, sunan zaren kamfanin Toray na Japan ne, kowa ma yana iya bugawa.

In kaya sun iso, haska tocila cikin bututun ka duba kumburi ko zaren da ya yamutse. Ƙwanƙwasa da kwabo a hankali; inda ƙarar ta dushe, akwai matsala.

Sai ɗauri, inda mutanenmu suka fi yin ɓarna. Yawancin notin wuyan keke Nm 5 ake rubutawa a gefensu, wato ma'aunin ƙarfin da za a ɗaure su da shi. Samu sifana mai auna ƙarfi, ka shafa man riƙo na kabon (mai hana zamewa) a inda wuya ke damƙe kan keken, kada giris. In ka kai wa mai gyara na bakin titi, tsaya a kansa, domin hannunsa ya saba da ɗaure keken ƙarfe har sai noti ya yi ƙara.