Lissafin Nauyin Wutar Lantarki a Gida Ga Sababbin Zuwa Amurka

Yawancin 'yan uwanmu da suka sauka Amurka ko Kanada ba sa waiwayar akwatin lantarkin gidan da suka kama haya sai ranar da wuta ta ɗauke a ɗaki ɗaya, alhali sauran ɗakuna da gidajen maƙwabta suna nan da haskensu. Haka ta faru da ni a hunturuna na farko. Na sayi ƙaramar hita na jona a ɗakin kwana, da asuba kuma na jona dutsen guga a soket ɗin da ke kusa da ita, ban ma gama goge riga ɗaya ba sai ɗakin ya yi duhu. Na je na mayar da bireka, wato makunnin cikin akwatin da ke katse wuta da kansa idan nauyi ya yi yawa, ta sake faɗuwa, har sau uku. Da na kai ƙorafi wurin mai kula da ginin cewa birekarsa ta lalace, bai yi musu da ni ba, sai ya kifa hitar ya nuna mini lamba 1,500 a gindinta, ya juya dutsen gugar ya nuna mini 1,200, sannan ya buɗe akwatin ya ɗora yatsa a kan lamba 15 da ke jikin birekar. Birekar lafiyarta ƙalau. Ni ne na ɗora wa layin kayan da ya fi ƙarfinsa.

Tushen lissafin ƙa'ida ɗaya ce: idan aka ninka bolt (ƙarfin turin wuta) da amfiya (yawan wutar da ke bin waya), a nan ake samun wat (yawan wutar da na'ura ke ci). Soket ɗin gida a Amurka da Kanada yana ba da bolt 120, kuma layukan ɗakuna galibi suna ƙarƙashin bireka mai amfiya 15 ko 20, ke nan layi mai 15 iyakarsa wat 1,800, mai 20 kuma wat 2,400. Sai dai wannan iyaka ba ta abin da zai daɗe yana aiki ba ce. Dokar haɗa lantarki ta Amurka, wadda ake kira NEC, wadda ƙungiyar kare gobara ta NFPA ke sabunta bugunta duk bayan shekara uku, ta ɗauki duk nauyin da zai kai awa uku ko fiye yana jan wuta a matsayin nauyi mai ɗorewa, kuma irin wannan bai kamata ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin layin ba, wato wat 1,440 a layi mai amfiya 15, ko wat 1,920 a mai 20. Hitar ɗaki mai wat 1,500 tana jan amfiya 12 da rabi ita kaɗai, don haka da zarar an kunna ta, layi mai 15 ya riga ya cika. Abin da kuma sabon zuwa kan manta shi ne, bireka ɗaya takan riƙe soket da yawa, wani lokaci har na ɗakuna biyu, saboda haka sauya soket ba lallai ne ya zama sauya layi ba. Ina ba kowa shawara ya ware rabin awa a makon farko, ya riƙa kashe bireka ɗaya bayan ɗaya yana duba abin da ya mutu, ya rubuta ya liƙa a murfin akwatin.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a harkar lantarki ido bai san kima ba. Babbar talabijin da ta cika bango ba ta kai butar dafa ruwa jan wuta ba, kuma na'urar busar gashi da ake riƙewa da hannu ɗaya takan kai wat 1,875. Duk abin da aikinsa haifar da zafi ne, shi ne mai cin wuta. Shi ya sa ake karanta ƙaramin allon da ke jikin kowace na'ura kafin a saye ta, ba bayan an kawo ta gida ba.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya tsaya da kyau. Bireka tana kare wayar da ke cikin bango ne, kuma an zaɓi girmanta daidai da kaurin wayar: waya mai lamba 14 ga amfiya 15, mai lamba 12 ga 20, mai lamba 10 ga 30 (mai ƙaramar lamba ita ta fi kauri). Wanda ya gaji da faɗuwar bireka ya cire mai 15 ya sa mai 20 bai ƙara wa layin ƙarfi ba, ya dai bar siririyar waya ta ci gaba da ɗaukar zafi a inda ba mai ganinta. Haka nan hita ba a jona ta a wayar ƙari ko a soket mai baki da yawa, a bango ake jona ta kai tsaye, a kuma nisanta ta da labule da katifa da tufafi da aƙalla ƙafa uku. A ranar 9 ga Janairun 2022 gobara ta tashi daga wata hitar ɗaki a wani dogon bene da ke Bronx a birnin New York, mutum 17 suka rasu, takwas daga cikinsu yara, kuma akasarinsu 'yan asalin Gambiya ne. Allah Ya jiƙansu. Idan ɗumin da mai gida ke bayarwa bai wadatar ba, a kai masa maganar a rubuce, domin birane da yawa sun wajabta wa masu gidajen haya samar da ɗumi a lokacin sanyi.

Na'urorin da ke da inji mai juyawa, wanda masu aikin lantarki ke kira moto, lissafinsu daban ne. Firji, injin wanki, famfon tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki duk suna cikin wannan rukuni. Moto yakan fizgi wutar da ta ninka wadda yake ci yana tsakiyar aiki sau biyar ko shida a daidai lokacin tashinsa, na ɗan ƙiftawar ido, kuma shi ne dalilin da fitila kan ɗan dushe idan kwamfuresa, wato injin cikin firji ko na'urar sanyi, ta tashi. Bugu da ƙari, amfiyar da moto ke ja takan ɗan zarce abin da wat ɗinsa ke nunawa, don haka ya fi aminci a ninka bolt da amfiyar da aka rubuta a allonsa maimakon dogaro da wat ko ƙarfin doki, wanda ɗayansa wat 746 ne na aikin da injin ke fitarwa. A jikin babbar na'urar sanyaya gida za a ga haruffan MCA, wato mafi ƙarancin ƙarfin wayar da za ta ɗauke ta, da kuma iyakar girman birekar da aka yarda a sa mata. Kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya yi wannan lissafi, bin sa kawai ake yi. Kada kuma lambar BTU ta ruɗi mutum, domin ita tana auna yawan zafin da na'urar ke kwashewa daga ɗaki ne a awa ɗaya. Na'urar taga mai BTU 12,000 takan ci wat dubu da ɗoriya ne kawai.

Mai haya zai iya tsayawa a nan. Amma wanda Allah Ya hore wa sayen gida, musamman tsohon gida mai akwatin amfiya 100, yana bukatar ya san yadda ake haɗa nauyin gida gaba ɗaya, ko da kuwa ƙwararre ne zai yi lissafin ƙarshe. A ɗauki gida mai faɗin murabba'in ƙafa 1,500, a bi hanyar da bugun 2020 da na 2023 na dokar suka shimfiɗa. Fitilu da soket ana ba su wat 3 a kowane murabba'in ƙafa, ya zama 4,500. Ana ƙara layuka biyu na ƙananan kayan kicin da layi ɗaya na wurin wanki, kowanne 1,500, jimla ta kai 9,000. Da yake ba a kunna komai lokaci guda, dubu uku na farko ake ƙirgawa cif, sauran 6,000 kuma kashi 35 cikin ɗari, sai abin ya sauko zuwa 5,100. Murhun lantarki da bai wuce kilowat 12 (wat 12,000) ba ana ƙirga shi 8,000, injin busar da tufafi aƙalla 5,000, tankin ruwan zafi a ce 4,500, injin wanke kwanuka 1,200.

Sai a zo kan ɗumama gida da sanyaya shi, inda mutane suka fi yin kuskure ta hanyar haɗa su biyun. Ba wanda ke kunna hitar gida da na'urar sanyi a lokaci ɗaya, saboda haka dokar ta yarda a ɗauki mafi girma a bar ƙaramin. Idan hitar gidan wat 10,000 ce, na'urar sanyi kuma tana jan amfiya 20 a bolt 240 (bolt ɗin da manyan na'urorin gida ke amfani da shi), wato 4,800, to 10,000 ake sakawa, kuma a cike ba ragi. Daga nan ana ƙara kashi 25 cikin ɗari na moto mafi girma a gidan, kuma ni don kaffa-kaffa nakan ɗauki na na'urar sanyin ko da ba ita aka ƙirga ba, wato 1,200. Jimla ta tashi 35,000, idan aka raba da bolt 240 a sami kusan amfiya 146. Akwatin amfiya 100 ba zai ɗauki wannan gida ba, sai mai 150 ko 200. Da a ce gidan da iskar gas ake ɗumama shi, sai 4,800 ta maye gurbin 10,000, lissafin ya dawo wajen amfiya 124. Akwai kuma togaciya mai muhimmanci ga gidajen da ke da na'urar nan mai aiki biyu, wadda ke sanyaya gida da bazara ta ɗumama shi da hunturu: sau da yawa tana da hitar taimako a cikinta da ke tashi idan sanyi ya tsananta, kuma idan tsarinta ya bari kwamfuresa da hitar su yi aiki tare, dole a haɗa nauyinsu duka biyun.

Wannan lissafi shi zai gaya wa mutum ko akwai sauran sarari kafin ya ƙaro wani babban abu, kamar cajar motar lantarki, wadda ita ma nauyi mai ɗorewa ce. Ƙara layi ko sauya akwati aikin mai lasisi ne, kuma a mafi yawan garuruwa sai an nemi izinin ƙaramar hukuma an kuma zo an duba, domin kowace jiha ko ƙaramar hukuma tana da bugun dokar da ta amince da shi.

Kayan da mutum ya taho da su daga ƙasar da ke amfani da bolt 230 su ma a duba allonsu. Cajar waya da ta kwamfuta galibi an rubuta musu 100 zuwa 240, bakin fulogi kawai za a sauya. Hita ko buta ta bolt 230 kuwa, idan aka jona ta a 120 zafinta kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na yadda aka saba. Mai moto ya fi wuyar sha'ani, domin wutar Amurka tana kai da komo sau 60 a daƙiƙa maimakon 50, kuma taransifoma tana sauya bolt ne kaɗai, don haka injin zai riƙa gudu fiye da yadda aka ƙera shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wanda ya sauka Ingila ƙa'idar ninkawar ba ta canza masa ba, lambobin ne suka bambanta: bolt 230, fis ɗin cikin fulogi ba ya wuce amfiya 13, wato kusan wat 3,000, kuma wayar ƙari mai baki huɗu wannan amfiya 13 ɗin ce iyakarta gaba ɗaya, ba ta kowane baki ba.