Yadda na gyara matsalar waya kafin tafiya Umara

Wayata ta kwance ce daga Amurka, a kulle take, ba ta karɓar layin kowace ƙasa sai nata. Wani mai gyara a nan Katsina ya gwada layuka a ciki, ta ƙi.

Sai na sayi buɗaɗɗiya mai gidan layi biyu da 4G. Layina na gida na bar shi a ciki, na sa aka buɗe masa romin, wato ya riƙa aiki a ƙasar waje, tun kafin mu tashi, don saƙon lambar sirri daga banki ya riƙa iske ni. Wannan ne ya fi damuna. Amma na kashe masa data, kuɗinta a waje ba kaɗan ba ne.

A Jidda na yanki layin STC, kamfanin sadarwa na Saudiyya, da fasfo da zanen yatsa. Da shi nake duba imel, in zan kira gida kuma sai in fara da +234, in cire sifilin farko.