Yadda Ake Yin Leza a Fata Lokacin Bazara Ba Tare da An Ƙone Ba

Ana iya yin leza, wato amfani da na'urar haske don cire gashi ko gyaran fata, a bazara, amma da sharaɗi. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne ranar da ta dafa fata kafin a yi da kuma bayan an yi, musamman ga masu duhun fata irin tamu. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, kuma ma'aunin ƙarfin hasken rana mai ƙona fata kan kai 11 ko fiye da tsakar rana, wato matakin ƙoli.

Dalilin yana cikin yadda na'urar ke aiki. Leza haske ne da launi mai duhu ke zuƙewa ya mayar da shi zafi. Idan gashi ake cirewa, abin da ake hari shi ne melanin, sinadarin da ke ba gashi baƙinsa, don zafin ya kashe saiwar. To, wannan sinadarin shi ne kuma ke ba fata launinta, kuma duk lokacin da rana ta bugi fata sai ta ƙara samar da shi. Na'urar ba ta bambanta na gashi da na fata. In fatar ta ƙara duhu, sai ta sha zafin da aka nufi saiwar gashi da shi, a tashi da ƙuna ko baƙin tabo.

A fara da tambayar sunan na'ura

Kafin a yi maganar kuɗi, a tambayi wace na'ura ce za a yi aikin da ita. Alexandrite mai tsawon zango nanomita 755, wato lambar da ke nuna irin haskenta, ta fi dacewa da farar fata, domin melanin na zuƙe haskenta sosai. A baƙar fata tana da saurin ƙonawa. Diode mai 800 zuwa 810 tana tsakiya, ana iya amfani da ita a fata mai matsakaicin duhu idan mai aikin ƙwararre ne kuma akwai sanyaya mai kyau. Wadda ta fi aminci ga baƙar fata ita ce Nd:YAG mai 1064, saboda haskenta na ratsa saman fata ya shiga ciki ba tare da an zuƙe da yawa ba. Ita kuwa IPL, wadda wasu shagunan kwalliya ke tallata wa da sunan leza, ba leza ba ce. Haske ne mai gauraye da zango da yawa, kuma a baƙar fata da rana ta ƙara dafawa, haɗarinta ya fi amfaninta. Wurin da aka kasa faɗa miki sunan na'urar, ki ɗauki jakarki ki fita.

A kuma duba yadda ake sanyaya fata yayin aikin: ko bakin na'urar mai sanyi ne, ko tana fesa sanyi kafin kowane bugu, ko ana hura iska mai sanyi ta bututu. Sannan a nemi gwaji a ɗan ƙaramin wuri. Awa 48 shi ne mafi ƙarancin jira, amma ga mai duhun fata gara a ba shi mako ɗaya zuwa biyu, don baƙin tabo ba ya fitowa nan take.

Abin da za a yi yanzu da abin da za a ɗaga

Wuraren da tufa ke rufewa, kamar hammata, mara, ƙirji, baya da ƙafafun da ke cikin zane ko wando, ana iya yinsu a kowane wata. A nan shigarmu ta taimaka mana. Fuska, wuya, bayan hannu da saman ƙafa su ne abin lura. Cire gashin haɓa ga mata, ko maganin ƙurajen aski a wuyan maza da Nd:YAG, yana yiwuwa a bazara ga wanda aikinsa na cikin inuwa ne. Ɗan acaɓa, manomi, mai talla ko ɗalibar da ke takawa makaranta da rana tsaka, gara su jira.

Lezar da ke ɗaye saman fata don gyaran ramukan ƙuraje, irin CO2 ko erbium, a ɗage ta. Tana barin fata a buɗe har mako ɗaya ko fiye, ga gumi ga ƙura, kuma ko ba bazara ba, baƙar fata na yawan yin duhu bayanta. Haka baƙin tabon kumatu da goshi da kan fito wa mata lokacin ciki ko shan maganin tazarar haihuwa: zafi kansa na tayar da shi, kuma leza ba ita ce maganin farko ba. Kada kuma a ɗauka hunturu ko damina hutu ne daga rana. Hasken da ke duhunta fata na ratsa gajimare da hazo. Sauƙin da ake samu na gumi ne.

Shirin makonni huɗu

Daga makonni huɗu kafin zaman leza na farko, a daina halawa, tsiga da cire gashi da zare. Duk waɗannan na tumɓuke saiwar, ita kuwa leza saiwar take nema. Aski da reza kawai aka yarda, har a gama duk zaman. A wannan lokacin ne kuma ake fara kiyaye wurin daga rana, aƙalla makonni biyu, huɗu ya fi.

Maganar man bilicin dole a faɗe ta ga likita ba kunya. Mayukan haɗi da yawa na ɗauke da sinadarin steroid irin clobetasol, wanda ke sirantar da fata ya hana ta warkewa da wuri. Hasken da fatar ta yi kuma na iya yaudarar mai aikin ya ƙara ƙarfin na'ura, alhali ƙwayoyin da ke samar da launi suna nan daram a ƙasa. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fuskar na iya yin ja da ƙuraje. Likitan fata zai tsara yadda za ta rage, sannan a sa ranar leza.

Dilka da duk wani gurje fata a tsayar mako ɗaya kafin zama. Haka mayuka masu retinol, tretinoin ko asid ɗin ɗaye fata, kwana biyar zuwa bakwai. Inda aka yi lalle ko zanen baƙin rini, ba a haska shi sai ya goge sarai, domin shi ma launi ne mai zuƙe haske. A sanar da likita idan ana shan doxycycline, wanda ke sa fata saurin ƙonewa, ko isotretinoin na ƙurajen fuska, wanda likitoci da yawa ke son a yi wata shida da dainawa. Mai ciki ta bari sai ta sauka. Wanda tabonsa ke kumbura ya yi tudu, ko mai yawan fitowar ƙurajen zazzaɓi a leɓe, shi ma ya faɗa.

Amare su lura da lissafi. Leza na kashe gashin da ke cikin girma ne kawai a lokacin, shi ya sa ake buƙatar zama shida zuwa takwas, da tazarar mako huɗu zuwa shida a fuska, shida zuwa takwas a jiki. Aikin watanni ne masu yawa. Fara shi saura mako biyu biki, a haɗa da dilka da turaren jiki, neman tabo ne a ranar da aka fi gudunsa.

Ranar zama da kwana biyun da ke biye

A aske wurin da daren jajibiri. Gashin da ya tsaya a sama na ƙonewa a kan fata. A je da fata wankakkiya, ba mai, ba turare, ba hoda, ba abin hana warin hammata. Idan da zaɓi, a karɓi lokacin bayan la'asar, don a fito rana ta yi sanyi fatar kuma ta kwana tana hucewa. Dole a sa tabarau na musamman. Kowane bugu ana jinsa kamar an ja roba an sake ta a fata, ya wuce nan take. In raɗaɗin ya tsaya yana ci, a yi magana a dakatar.

Fatar na riƙe zafi bayan an gama. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ko na randa ne in ba wuta, a ɗora minti 10 zuwa 15, a maimaita. Ƙanƙara sai an naɗe ta, ba a ɗora ta tsirara. Na awa 48 a guji wanka da ruwan zafi, tsuguno a kan turaren wuta, motsa jiki mai sa gumi da tsayuwa gaban murhu. Gumi da matsattsun kaya, musamman a hammata da mara, su ke toshe ramukan gashin da suka kumbura su zama ƙuraje masu ruwa. A sa auduga mai faɗi.

Man kariya daga rana ya zama mai lambar ƙarfin kariya SPF 50, ko aƙalla 30, mai kare nau'in hasken rana na UVA da UVB duka. Yawancin mutane ba sa shafa ko rabin abin da ake buƙata. Fuska da wuya na cin kimanin rabin ƙaramin cokali. Fuska kaɗai, a matso layi biyu a tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya. A shafa minti 15 kafin fita, a sake duk bayan awa biyu in ana waje. Alwala na wanke shi, don haka a sake shafawa bayan ta azahar da ta la'asar. Wannan ne inda aka fi yin sake. Mai zinc oxide ya fi sauƙi ga fatar da ta ji leza, sai dai yana barin toka-toka a baƙar fuska. Wanda aka sa wa launi da iron oxide ya magance wannan, ya kuma tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma ke duhunta fata irin tamu.

Gilashin gefen mota ba ya tare UVA gaba ɗaya. Mayafi kuma a ɗaga shi a rana: in ana hango haske ta cikinsa, ba kariya ba ne. Lema da malfa sun fi shi, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. A ci gaba da wannan aƙalla makonni biyu zuwa huɗu bayan kowane zama.

Idan abu ya ɓaci

Ja da ƙananan kumburi a gindin gashi na 'yan awoyi zuwa kwana biyu alamar aikin ya kama ne. Gashin da ke fitowa yana zubewa bayan mako ɗaya zuwa uku matacce ne fata ke turowa, kada a tsige shi. Bororo ko ɓawo kuwa ƙuna ce. Ba a fasawa, ba a ɓarewa, ba a sa man goge baki ko toka. A wanke da ruwa, a shafa Vaseline, a ga likita a ranar. Baƙin tabo kan ɗauki watanni kafin ya dushe, kuma kowace fita rana ba kariya na mayar da shi baya. Farin tabo ya fi shi wuyar gyara. Akwai kuma matan da gashin fuskarsu ke ƙaruwa bayan leza mai rauni, kuma wadda gemu ke fito mata tare da rikicewar al'ada tana buƙatar gwajin sinadaran jiki, in ba haka ba gashin zai riƙa dawowa. Furfura ba ta jin leza ko kaɗan.

Idan ranar zama ta zo kuma wurin ya fi yadda yake duhu, saboda biki ko tafiya, a faɗa wa mai aikin a ɗaga da mako biyu. Jinkirin ba ya rushe abin da aka yi a baya. Mai shirin Hajji ko Umara a lokacin zafi ya bar aƙalla wata guda tsakanin zaman ƙarshe da tashi, tunda a cikin harami mace ba ta sa niƙabi, namiji kuma ba ya rufe kai, ga tsayuwar Arfa da jifa duk a fili.