Yadda Ake Haɗa Bishiyar Da Za Ta Amsa Tambayoyin Mutane

A watan Mayun 2025, a bikin baje kolin furanni na Chelsea da ke Landan, lambun da Tom Massey ya tsara tare da kamfanin fasaha na Avanade ya ba masu ziyara damar tambayar bishiyoyi lafiyarsu, su kuma su amsa. Na'urorin awo aka ɗaura musu, ƙirƙirarriyar basira kuma tana mayar da alƙaluman zuwa magana. Makaranta ko ƙungiyar unguwa za ta iya gwada irinsa a kan bishiya guda.

Da farko ka zaɓi bishiyar da jama'a ke zama a inuwarta, kamar darbejiyar harabar makaranta, ka nemi izinin masu wurin. Rubuta irinta, ka auna kaurin jikinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, domin nan ne masana gandun daji ke awo.

Sai na'urori. Mafi sauƙi ita ce mai auna damshin ƙasa. Kada ka manna ta da gindin bishiyar. Binne ta wajen da inuwar rassa ke ƙarewa, zurfin kamar santimita 30, saboda a can ƙananan saiwoyi ke shan ruwa. Ta biyu ita ce dendiromita, wadda ake ɗaurawa a jikin bishiya don auna canjin kaurinta, kuma ni ita na fi ba muhimmanci. Da rana, ganye na fitar da ruwa, jikin bishiyar ya ɗan tsuke kaɗan, abin da ido ba zai gani ba. Da dare ta sha ta koma yadda take. Idan ka ga kwanaki a jere gari na wayewa ba ta cike gurbin abin da ta rasa ba, ƙishirwa ce ta kama ta, tun kafin ganye ya nuna alama. Akwai kuma allurai masu auna tafiyar ruwa cikin itace, amma sai an huda bishiyar, don haka a bar wa masana. Ƙara da mai auna zafi da laimar iska.

Haɗa su duka da ƙaramin allon kwamfuta mai suna ESP32, ya riƙa ɗaukar awo kowane minti 15 yana aikawa ta intanet. Batir da farantin sola sun isa. Sa su cikin akwati mai kwaɗo, ka bi da wayoyin ta cikin bututu saboda awaki, kuma lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar farantin.

Kada ka yi gaggawar ba ta murya. Tara awon makonni tukuna, ka san yadda bishiyar take in tana cikin ƙoshin lafiya.

Wajen rubuta umarni ga manhajar ƙirƙirarriyar basira da za ta yi magana a madadin bishiyar ne aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci. A kowace tambaya, a miƙa mata awon da ya shigo na ƙarshe da bayanin irin bishiyar, a kuma hana ta faɗin abin da awo bai nuna ba. Idan yaro ya ce, “Kina jin ƙishirwa?” amsar ta fito daga damshin ƙasa na wannan safiyar. Idan na'ura ta mutu, manhajar ta ce awonta ya tsaya. Bishiyar da ke cewa “lafiya lau” alhali ƙasarta ta bushe ƙamas tana cutar da kanta ne, da bakin da muka ara mata. Ka sa masu jin Hausa sosai su gwada ta kafin a buɗe wa jama'a.

Daga nan ka rataye allo mai lambar QR, wadda mutane za su duba da waya su shiga hira da bishiyar, da igiya mai sassauci, ba da ƙusa ba. Mutane za su yi magana, kada ka yi shakka: a 2013 birnin Melbourne na Ostareliya ya ba bishiyoyinsa adireshin imel don a riƙa kai rahoton matsala, sai ga dubban wasiƙun gaisuwa da soyayya.

Abu na ƙarshe, a naɗa mutum guda mai kula. Duk lokacin da damshi ya sauka ƙasa da iyakar da ka sa, saƙo ya shiga wayarsa kai tsaye, ya zo da ruwa da yamma ko da sassafe, ya zuba a kewayen saiwoyin a hankali har ƙasa ta sha.