Yadda Za a Taimaki Mai Manyan Shekaru Ya Koyi Sana'a Har Ya Samu Aikin Biya

Kafin a kai dattijo wajen koyon sana'a, a fara nemo wanda zai ɗauke shi in ya gama. A nan yawancin masu taimako suke tuntuɓe: a yi wa mutum rajista, ya yi wata uku yana zirga-zirga, a ba shi takardar shaida, ya dawo ƙofar gida ya zauna. Mai shekara 50 da iyali ba shi da lokacin gwaji irin na saurayi. A je wajen mai shago ko mai kamfani, a tambaye shi hannun da yake nema, sannan a zaɓi horon da ya dace.

Sai a zauna da mutumin a ji abin da hannunsa ya riga ya sani, a ɗora a kai. Wanda ya daɗe a masaƙa ko kamfanin roba a unguwannin masana'antu na Kano, wato Sharada, Bompai ko Challawa, ya san inji, gyaran janareto ko injin niƙa ba zai ba shi wuya ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya iya rubutu da lissafi. 'Yan makonni a kan kwamfuta da na'urar POS sun isa ya riƙe sito a kasuwar Singa ko ta Dawanau, inda amana ta fi ƙarfin jiki daraja. Uwar da ta saba da keken ɗinki a gida, abin da ya rage mata shi ne keken lantarki da yankan kayan makaranta.

A duba ido da hawan jini tun farko. Da yawa daga waɗanda ake cewa ba sa ganewa, gilashin karatu kawai suke buƙata. Mai ciwon gwiwa kuwa kada a tura shi haɗa sola, domin aikin hawa rufi ne, sai dai ya tsaya a ɓangaren batir da inbata.

Wuraren koyo akwai su. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana haɗa masu koyo da ƙwararrun masu sana'a. Hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, tana da cibiyar horo a Kano, ga kuma cibiyar koyon sana'o'i ta Aliko Dangote a titin Zariya. Wasu shirye-shiryen matasa kaɗai suke ɗauka, saboda haka a tambayi iyakar shekaru kafin a cike fom. Wanda boko ya wuce shi, Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano tana nan tun 1980. Wanda kuma ya iya aikin, takarda ce kawai babu, ya nemi jarrabawar Trade Test ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ana farawa daga mataki na uku a hau zuwa na ɗaya.

Abin da ya fi korar dattijo daga gareji ba wuyar aiki ba ce, zama ne a ƙarƙashin ogan da ya haifa. A yi magana da ogan tun kafin ranar farko: Baba ba ɗan aike ba ne, ba zai sayo wa yara abinci ba, in ya yi kuskure a ja shi gefe. A nuna masa abu ɗaya, ya maimaita da hannunsa har ya zauna, sannan a wuce. Shi ma a gaya masa gaskiya, a wajen aiki ogan ne gaba.

Sai cefane. Mutum ba zai koyi komai ba in hankalinsa yana kan tukunyar gida. A tsara koyon rabin yini, daga safe zuwa azahar, ya samu na abinci da yamma, kuma a zaɓi wuri kusa da unguwarsu don kuɗin adaidaita kada ya cinye shi. Mai asusun fansho da ya rasa aiki kafin ya kai 50, doka ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari bayan wata huɗu bai samu wani ba. Kada a zuba kuɗin nan a hayar shago tun ba a samu masu kawo aiki ba. Kayan aiki ma a saya kaɗan-kaɗan, domin idan aka ba da su gaba ɗaya ranar yaye, matsin gida kan sa a sayar.

Ranar kama aiki ya tafi da lambar NIN, asusun banki da sunansa ya yi daidai da na katin, hotuna biyu da wanda zai tsaya masa, ko mai unguwa ko limami. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu: nawa ne kuɗin, kullum ne ko mako ko wata, ƙarfe nawa ake tashi, gwajin wata nawa ne. Ba tare da wannan ba, sai a wayi gari ana ce masa har yanzu koyo yake, alhali aikin cikakken ma'aikaci yake yi. Wanda ya kai shi ya riƙa leƙawa a watanni ukun farko, musamman ranar biya.