Yadda Ake Sabunta Shokar Gaba Da Birkin Tsohon Babur

Yawancin masu farfaɗo da tsofaffin babura inji suke fara bi ta kai, su ƙara masa ƙarfi, su bar gaban babur yadda kamfani ya ƙera shi. Alhali gaban ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi duk lokacin da aka ja birki. Ko Honda CB750 ta 1969, wadda ta yi suna da birkin faifai a zamanin da birkin ganga ke yayi, in ka hau ta yau za ka ji birkin ya yi sanyi, shokarta mai kaurin milimita 35 kuma tana murɗewa in an matsa mata.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ɗauki awo ka rubuta: tsawon shoka daga maƙalar sama, wato ƙarfen da ke riƙe kan ƙafafun shoka, zuwa tsakiyar sandar wili, kauri da tsawon sandar da ta ratsa wuyan babur, tazarar da ke tsakanin ƙafafun shoka biyu, da kaurin sandar wili. Sannan awon da aka fi mantawa. Ka ja layi a zuci daga wuyan babur, bisa karkatarsa, har ƙasa. Layin zai sauka gaba kaɗan da inda taya ke taɓa ƙasa. Wannan tazarar, kusan milimita 100 a baburan titi, ita ke sa babur ya miƙe da kansa. In ka sa shokar da ta fi ta asali gajarta, gaba zai nutse, tazarar ta ragu, kan babur ya fara rawa a guje. Shokar baburan tsere irin su Suzuki GSX-R, wadda ake yawan dasawa, galibi gajera ce, don haka kada kyan gani ya ruɗe ka.

Yanzu sai zaɓi: gyara ta asali ko dasa wata. A ganina, in sandunan ba su lanƙwashe ba kuma tsatsa ba ta ci su ba, gyaran ya fi. A wanke ciki, a canza robar tare mai, a sa sifirin da ya dace da nauyin mahayi, a zuba sabon mai daidai awon da littafin babur ya ce. Tsohuwar shoka tana matse mai ne ta wasu 'yan ramuka, shi ya sa take nutsewa in an ja birki amma ta sandare a kan gargada. Akwai ƙaramin bawul, irin wanda kamfanin Race Tech ke yi, da ake ɗorawa a ƙarƙashin sifirin don magance wannan, sai dai dole a faɗaɗa ramukan da abin huji tukuna.

In dasawa za ka yi, sayi gaban gaba ɗaya daga babur guda: shoka, maƙalai, wili, faifai da maƙamar birki mai matse faifan. Haɗa kayan babura daban-daban shi ke cinye kuɗi. Sau da yawa sai an kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da sandar wuya ya dasa wadda ta dace. Ko wace hanya ka bi, cire tsohon boris na ƙwallaye da ke wuyan babur ka sa mai siffar mazurari. Ka juya kan babur hagu da dama har ƙarshe ka tabbatar bai bugi tanki ba. Kuma in agogon gudu daga wilin gaba yake karɓar juyi, ka san zai buƙaci wata dabara.

Birki kuwa, fara da mai araha: tiyo mai saƙar ƙarfe a madadin tsohuwar roba da ke kumbura, da sabon takalmin birki. In ka koma faifai biyu, ka sa famfon hannu, wato mai tura man birki, da ya zo da su. Famfo mai faɗin fistin fiye da kima yana sa hannun birki tauri kamar itace ba tare da kamu ba, ƙarami kuma sai hannun ya taɓo mariƙin kan babur kafin ya kama. Zuba man birki mai lambar DOT 4 in shi tsarin ke so, kada ka gauraya shi da DOT 5, kuma ka rufe tanki da tsumma don man birki na cin fenti. Fitar da iska har kumfa ta daina fitowa.

Wajen haɗawa, ɗaure sandar wili, sauke babur ƙasa, danna gaba sau da yawa don ƙafafun su daidaita, sannan ka matse notocin ƙasan shoka da sufana mai awon ƙarfin matsi. Hau, wani ya auna maka: nutsewar shoka ta milimita 30 zuwa 35 ta dace da titi. Gwajin farko a fili marar motoci za ka yi shi, kana jan birki a hankali daga matsakaicin gudu, kana barin shi ya huce tsakani, har takalmin ya zauna a kan faifai. Bayan fitar farko ka sake bin kowane noti, musamman na wuya, don sabon boris yakan saki kaɗan.