Kurakuran da ake yawan yi wajen naɗa wakili da barin wasiyya

A ƙauyukan Kano da Jigawa, idan magidanci zai tafi ci-rani ko tsufa ya kama shi, yakan damƙa wa ƙaninsa ko babban ɗansa gona da dabbobi da fatar baki, ba takarda ba shaidu. Ranar da wakilin ya jinginar da gonar, babu mai iya tabbatar wa alƙali cewa an ba shi wannan izinin ko ba a ba shi ba. Gyaran shi ne a rubuta iyakar wakilcin, noma ne kawai ko har da sayar da amfani, adalai biyu su sa hannu, a kuma sanar da dagaci.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane da yawa ba su san cewa wakilci yana ƙarewa da rasuwar wanda ya bayar da shi ba. Daga wannan rana dukiya ta zama ta magada, kuma wakili ba shi da ikon ɗibar ko da tiya ɗaya ta gero a rumbu da sunan tsohon izini. Wanda yake son wani ya riƙe masa marayu da rabonsu, sai ya ambaci sunansa a wasiyya, ya naɗa shi wasiyyi.

Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran magada. Uban da ya ce fadamarsa ta autansa ce bayan ransa, rigima ya bar masa. Idan kyauta yake nufi, ya yi ta yana da lafiya, ɗan da ya balaga ya karɓa ya shiga gonar, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai bayar da ita ya rasu ta ɓaci.

Sai kuma takardar wasiyya da ake ajiyewa a ƙasan akwati ta shekara goma ba a duba ta ba, alhali an sayar da gonar da ta ambata, wasiyyin ma ya riga mu gidan gaskiya. Ya kamata a buɗe ta duk bayan girbi, a shigar da sabon bashi, tunda shi ake biya kafin wasiyya da gado, haka nan a shigar da shanun da ke hannun makiyayi da gonar da aka karɓa jingina. A rubuta sabuwa, a sa kwanan wata, a yaga tsohuwar, a gaya wa shaidu inda sabuwar take.